Yadda ake zaɓen sitokman, wuƙar aljihu mai baki uku

Tun ranar da na zaro 'yar wuƙata a majalisar bakin shago na fere rake jama'a suka ishe ni da tambaya, wannan ya ce a ina ka samo, wancan ya ce nawa ka saya, wani ma cewa ya yi wai me mutum zai yi da baki har uku a wuƙa ɗaya in ba neman magana ba. To yau kasuwa shiru, an ɗauke wuta, bari in zauna in rubuta abin da na sani sau ɗaya kowa ya huta, don ni sai da na yi asarar kuɗi sau biyu da aljihun kaftani ɗaya da ɗinki uku a yatsa kafin na gane kan abin.

Sunanta sitokman, ma'ana dai mai harka da dabbobi. Daga Amurka ta fito, wajen ƙarshen shekarun 1800, makiyayan shanunsu na kan doki su ne suka fara yayinta. Wuƙaƙe uku ne a ƙota ɗaya, duk suna naɗewa ciki, ƙotar kuma a ɗan lanƙwashe take kamar maciji na tafiya, shi ya sa take zama daram a tafin hannu. Ba ta da makulli, sifirin ne kawai, wato ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo, a gadon bayanta yake riƙe bakin in ka buɗe, ka riƙe wannan maganar don za mu dawo kanta.

Kafin ka taɓa kuɗinka, fara sanin bakunan nan uku, don in ba ka da aikin da za ka ba kowanne to gara ka sayi mai baki ɗaya ka huta da nauyi. Babban shi ake kira kilif, dogo ne mai tsini, an ɗan zaftare bayansa wajen kai. Shi ne na abinci a wurina, rake, lemo, mangwaro, kankana, in tsiren mai nama ya zo da jijiya shi ke raba gardama. Na biyu Turawa kofaton tunkiya suke ce masa, kaifinsa a miƙe sambal, bayansa ne ya sunkuyo ya same shi, don haka ba ya huda abu bisa kuskure. Wallahi wannan shi ne jakin gidan. Da shi nake farke kwalin taliya da na sabulu ba tare da na ci ledar ciki ba, da shi nake tsinke zaren bakin buhun shinkafa, igiya, tiyo, gyaran asuwaki, fere waya in za a haɗa soket. Na ukun gajere ne mai ƙundumin kai, sipe ake ce masa, na daɗe ban san amfaninsa ba sai ranar da na je Zango gaishe da kawuna, shi dillalin shanu ne tun ina ƙarami. Na miƙa masa da hannu biyu, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya da farcensa, yana zuwa kan na ukun ya tsaya.

"Kai yaro, wannan ai ta fiɗiya ce."

Na ce Kawu ya aka yi ka sani, ai ban faɗa maka ba. Ya ce dubi kanta, wanda ya ƙera ta ba ya son ta soki dabba in ta zabura, yanka kawai yake so ta yi. Kuma haka ne, don fiɗiyar 'yan maruƙa aka yi shi. Ni ba na fiɗiya, amma shi nake ajewa da kaifi kamar askar wanzami, ba na bari ya taɓa kwali ko igiya, sai aikin da ke son tsabta, raba goro ko ɗan gyaran fata ranar fiɗar layya a wuraren da babbar wuƙa ke huda fatar. Wasu kuma akasin haka suke yi, su mayar da shi na kankare fenti da ƙazamin aiki. Duk wanda ka zaɓa daidai ne, abin dai kada na abinci ya zama na kankare ƙasan takalmi.

In ka ga lallai kana da aikin ukun, sai maganar girma, kuma a nan ne na fara kwafsawa. Ido na son babba. Na farko da na saya irin babbar nan ce mai tsawon inci huɗu da kwata a naɗe, kusan santimita 11, ga kusurwoyin ƙarfen bakin ƙotar masu kaifin gefe. Mutanen da suka ƙirƙiro ta wandon jins suke sawa mai aljihu kamar buhu, mu kuwa kaftani ne da shadda da yadi mai laushi. Sati uku ta yi a aljihun gefe tana lilo tana dukan cinyata, in na yi ruku'u ta ja rigar gefe guda, ranar wata Juma'a ina sauka daga Keke Napep a Kasuwar Barci sai ji na yi ƙwal a ƙasa, ta ci ɗinkin aljihun ta fice. Tela ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ga ma'aunin da ba ya ƙarya, fito da katin ATM ɗinka, tsawonsa santimita takwas da rabi ne da ɗan ɗoriya. Ɗora wuƙar a naɗe a kai. In ta yi daidai da katin ko ta ɗara shi da kamar faɗin farce, ita ce matsakaiciya, ita nake ba kowa shawara. Matsakaiciyar kamfanin Case mai lamba 18 inci uku da biyar bisa takwas ce, wajen santimita 9, kuma kawunanta a zagaye suke ba sa cin aljihu. Buck 303 ta ɗan fi ta gajarta, inci uku da kwata, Old Timer 34OT ma kusan haka. Buck 301 da Old Timer 8OT sun doshi inci huɗu, waɗannan na mai gona ne ko makanike ko wanda kullum cikin wando mai kauri yake. Akwai 'yan ƙanana da ba su kai inci uku ba, suna da kyau ga ma'aikacin ofis da bai wuce buɗe ambulan ba, amma ka gwada fere rake da su ka ji yadda hannu ke ƙagewa. Kada ka tsaya kan awo kaɗai, jefa ta a aljihun irin kayan da ka fi sawa, ka yi taku goma, ka zauna, ka tashi. In kana jin ta a kowane taku to ba za ka jure yawo da ita ba, wata ɗaya za ta koma durowa.

Sai ƙarfe. Kashi biyu ne, baƙin ƙarfe mai tsatsa da farin da ba ya tsatsa. Baƙin, irin wanda ake rubuta wa 1095 ko kuma CV ko CS a wuƙaƙen Case, yana ɗaukar kaifi da wuri, shafa kaɗan a dutse ya dawo yana aske gashin hannu. Matsalarsa ruwa da gumi. Mu nan Kaduna daga watan Mayu har Oktoba ruwa ake yi, watan Agusta kuwa ko gishiri a shago jiƙewa yake, ka yanka lemo ka naɗe ba ka goge ba, da safe ka tarar da jan ɗigo-ɗigo. Amma ka bambance, in ya yi toka-toka ko baƙi-baƙi bayan ka yanka albasa ko mangwaro wannan ba tsatsa ba ce, rini ne da ƙarfen ke yi wa kansa kuma yana ɗan kare shi, kada ka kankare. Ja mai gari-gari ita ce tsatsa. Farin ƙarfe kuma, 420HC na Buck, ko wanda Case ke kira Tru-Sharp, ko 440A da ake gani a wuƙaƙen Rough Ryder, ba ruwansa da damina, sai dai wurin wasawa yana ɗan jan rai. Ka yi wa kanka adalci a nan. In kai mutum ne da ko babur ɗinka sai ya fara kuka kake tuna juyen mai, ɗauki farin. Ni baƙin nake riƙewa don ina jin daɗin wasa shi da yamma, amma ƙanena fari na saya masa, na san halin kayana.

Ƙota ba ta buƙatar dogon zance sai abu ɗaya, hunturu. Ana yin ta da ƙashi, da ƙahon barewa, da katako, da wata roba mai tauri da ake kira Delrin. Ƙashin na ƙwaurin saniya ne, ga masu tambaya ko na wata dabba ce, Case ma na shanu masu tozo suke amfani da shi, 'yan uwan farfarun shanunmu na Fulani. Yana da kyau ƙwarai, yana ƙara sheƙi da tsufa, amma in ya faɗi a siminti yana tsagewa, busasshiyar iskar Disamba da Janairu kuma tana buɗe tsagar da ta riga ta fara, yawanci daga gindin ƙusa. Robar ba ta san wannan ba. Ta yau da kullum roba, ta zuwa ɗaurin aure ƙashi, in aljihu ya yarda da biyu ke nan.

Yanzu mu zo inda ake cin kasuwa, duba wuƙar da hannunka. Ko sabuwa ce a kwali ko ta gwanjo ce ka tsinta cikin tarkacen 'yan kwantena, kada ka ji kunyar mai kaya, ɗauki lokacinka.

Fara da farce. Kowane baki yana da 'yar tsaga da ake saƙala farce a ja, buɗe su ɗaya-ɗaya, kada ka buɗe biyun da ke kan sifirin ɗaya a lokaci guda ka bar su rabi da rabi, kana wahalar da sifirin ne, tsohuwa ma tana iya karyewa. Galibi sifirin biyu ne, babban baki da nasa, ƙananan biyu suna tarayya a ɗaya. Abin da kake nema shi ne ya ɗan yi maka gardama amma kada ya karya farce, in ya kai ƙarshe kuma ka ji ƙas, in ka mayar ka sake jin ƙas. Wanda ya buɗe salalo-salalo ba sauti, sifirinsa ya mutu ko an cika shi da datti, wanda kuma sai ka sa kwabo ka ɓanɓaro shi, ka tuna bayan alwala farce laushi yake yi, ba za ka iya da shi ba.

Yana buɗe sai ka kama bayansa da yatsu biyu ka girgiza hagu da dama. Bai kamata ya yi motsi ba. Ɗan kaɗan a tsohuwa ana iya haƙuri, maƙeri zai ɗan matse ƙusar, amma sabuwa tana rawa tun a shago, ajiye musu kayansu. Daga nan naɗe duka ka ɗaga gadon bayanta ka kalli rana ko fitilar waya ta tsakanin sifirin da farantan tagullar da ke gefensa, siririn haske kamar gashi ba komai ba ne, amma in har kana hango mai shago ta ciki to aikin gaggawa ne, kuma nan ƙurar hunturu da ruwan lemo za su riƙa taruwa.

Sannan shafa babban yatsa a hankali ta saman inda tsinin kowane baki ya kwanta. Tsinin dole ya nutse cikin ƙota. In ya leƙo ko kaɗan, ranar da ka zura hannu aljihu neman canji zai gaishe ka. A tsofaffin da aka wasa har suka sirance an fi samun wannan. Kofaton tunkiya dama bayansa yana ɗan tashi sama da sauran, haka ƙirar take, to buɗe babban bakin ka damƙe ƙotar kamar za ka fere rake, ka ji ko tudun nan yana cin tafin hannunka. Wata yana ci wata ba ya ci, hannu ne ke faɗa, hoto a intanet ba zai gaya maka ba.

Dubi gefen bakunan kuma. Da yake uku ne a ɗaki ɗaya, maƙera suna ɗan karkatar da su don su wuce juna, saboda haka 'yar shaidar gogayya a gefe abu ne da aka saba gani ko a masu tsada, kada wannan ya hana ka saya. Wanda ba a yarda da shi ba shi ne kaifi ya riƙa dukan ɗan uwansa ko ya riƙa sarar sifirin in an rufe. Yadda za ka gane, juya kaifin sama a haske, in ka ga wani ɗigo yana ƙyalli a wuri ɗaya to nan yake bugawa, kuma ko ka wasa sau ɗari nan zai sake dakushewa.

Maganar suna da jabu. A gindin babban baki ake buga tambari, kuma bugu ne mai zurfi da farce ke ji, wanda aka shafa da fenti yana gogewa da yawu ka san inda ya dosa. Case a garin Biradfod na jihar Fensilbeniya ake yin ta, kamfanin tun 1889 yake, kuma lambarsu tana magana, in ka ga 6318, shida na nufin ƙota mai sassaƙa a jiki, ta ƙashi ko ta roba, uku yawan bakuna, 18 kuma ƙirar. In 3318 ce to robar nan ce ruwan ɗorawa.  Old Timer kuma labarinta biyu ne, kamfanin Schrade na asali ya rufe a 2004, wasu suka sayi sunan, yawancin sababbin a Chaina ake yi da farin ƙarfe, tsofaffin masu tambarin USA su ne na baƙin ƙarfe, in ka ci karo da lafiyayya a gwanjo kada ka nuna zumuɗi a fuska, taya kawai. Buck 301 da 303 'yan Amurka ne, 371 da 373 kuma na kamfanin ne amma a Chaina ake haɗa su. Kuma don Allah a daina raina na Chaina a kan suna kawai, Rough Ryder can ake yin ta, kuɗinta bai kai rabin na Case ba, kuma na riƙe wadda ta fi wata Case ɗin matsewa. Wanda bai taɓa riƙe irin wuƙar nan ba da ita nake cewa ya fara, in ta ɓata a tasha ba zai yi zazzaɓi ba. Farashi kam ba zan faɗa ba, da dala yake tafiya, abin da na saya bara yau labari ne. In ta intanet za ka yi oda ko wani zai taho maka da ita, ka roƙi bidiyo ana buɗe bakunan uku kana jin sautin, kuma a cikin jakar da ake aunawa za a sa ta, ba a shiga jirgin sama da wuƙa a jakar hannu, ƙwacewa za a yi.

Ta zo hannu, kada ka fara da abinci. Wanke ta da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, tsohon buroshin haƙori ya shiga lungunan, akwai baƙin maiƙon masana'anta a ciki. Shanya ta a buɗe ta bushe sarai, ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, buɗe rufe har ka ga baƙin ruwa ya daina fitowa, goge. A jikin bakin da ke taɓa abinci kuma farafin na ruwa da ake samu a kemis ya fi, man gyaɗa daɗewa yake ya yi danƙo ya kama ƙura.

Wasawa, ina roƙonka kada ka miƙa wa masu injin gurza ƙarfe, ko na Panteka ko masu yawo da keke. Aikinsu adda da gatari da wuƙar mahauta, nan sun iya, amma bakin nan siriri ne, daƙiƙa kaɗan dutsen injin zai cinye rabinsa, in ka ga gefen ya yi shuɗi to ya ƙone, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Haka ta biyun da na saya ta mutu, ina tsaye ina kallo. Samu dutse mai laushi, jiƙa shi, kwantar da bakin ka ɗaga bayansa kamar kaurin tsinken ashana biyu, tura kamar kana son yanko siririn yanki daga dutsen, goma nan goma can, har ka ji ɗan ƙaiƙayi a ɗaya gefen in ka shafa daga baya zuwa gaba. In ba dutse, kife kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a shafa wa sheƙi ba yana aiki. Ka ƙarasa a bayan tsohon bel na fata kana ja baya-baya kamar yadda wanzami ke yi. Kofaton tunkiya ya fi sauƙi tunda miƙaƙƙe ne, da shi za ka koya.

Mu koma kan rashin makulli. Wannan wuƙar yanka take yi, ba a soka da ita, ba a ɓanɓara, ba a kwance noti. Ni na so huda murfin jarkar manja da babban bakin, na danna na murɗa, sai ji na yi ta rufe a kan manuniyata, jini da manja suka haɗu ban san wanne ne wanne ba, yaron shago yana ta sannu Oga sannu Oga. Matsi ya kasance a kan kaifi kullum, ka yanka kana nesanta daga jikinka, in za ka rufe kuma yatsu su bar bakin ramin tukuna. Kuma ba ta yanka ba ce, ko kaza kada ka gwada balle rago, gajarta za ta sa ka azabtar da dabba, nemi doguwa mai kaifi.

Sai inda za ka shiga da ita. Kowa ya san abin da 'yan sara-suka suka jawo mana a garin nan, jami'in tsaro in ya laluba aljihun matashi da dare ya ji ƙarfe ba tarihin makiyayan Amurka zai tsaya saurare ba. Tawa tana tare da ni daga gida zuwa shago zuwa gona, amma taron siyasa, kallon ƙwallo a filin wasa na Ahmadu Bello, banki, tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, yawon dare, duk a gida nake barin ta. Ba na zaro ta cikin gardama ko da wasa, ba na ba yara aro. In an tambaye ka a shinge, faɗi da bakinka tun kafin a lalubo, ka miƙa ta a naɗe.

Don kada makullai su kankare ta kuma kada ta sake cin aljihu, na kai wa wani baduku a Kasuwar Barci ya ɗinka mata ɗan kube na fatar akuya mara murfi, na ce ya bar kanta ya leƙo kamar faɗin yatsa don in riƙa kamawa. Ka ce masa ya sa ɗinkin ta waje, kuma in taka baƙin ƙarfe ce kada ka bar ta kwana da kwanaki a cikin fatar lokacin damina, fata tana riƙe laima, da dare zare ta ka ajiye a kan tebur.